Kafin a wanke allo

Duk yaron da ya zauna makarantar allo ya san wannan doka. Almajiri ba ya wanke allonsa don ya gaji da kallon rubutun. Sai ya biya wa malam, malam ya ji karatun ya zauna masa a ka, sa'an nan ya ce: «Je ka wanke.» Abin da ke bisa allo ya riga ya sami wurin zama, saboda haka ruwa ba ya tafiya da kome sai tawada.

Kwamfuta ma ana wanke ta. Amma da yawa suna wanke tasu tun ba su biya wa kowa ba.

Anu Araren yana arewa da Agadas, kusa da Cirozerin. A harshen Tamajak, anu rijiya ke nan. Nan ne ake haƙo gawayin ƙasa. An kafa kamfanin Sonichar a 1975, tashar wutarsa kuma ta fara aiki a 1981. Ana ƙona gawayi, ruwa ya tafasa, tururi ya juya inji, wuta ta bi waya har Agadas da Arlit, garin yuraniyom. Inda wuta ta je kuwa, na'ura takan bi ta. Yau akwai kwamfuta a biro, da asibiti, da wajen masu buga takardu a bakin kasuwa, har da wasu makarantu.

Cikin kowace kwamfuta akwai faifai. Shi ne rumbunta. Abu biyu ke zaune cikin wannan rumbu. Na farko babbar manhaja, wadda ke tada na'ura, tana jin abin da aka latsa, tana kuma sanin inda aka ajiye kome. Wadda aka fi sani sunanta Windows. Na biyu kayan mai na'ura: wasiƙunsa, hotunansa, lissafinsa. Idan aka ce za a formate kwamfuta, ana nufin za a share faifan, a sake zuba babbar manhaja sabuwa. Babbar manhaja ana samun irinta ko'ina. Kayan mutum kuwa, in ba ya kwafe su ba, babu irinsu a duniya.

A ɗauki misali. Ga diraktan wata makaranta, ya shekara uku yana rubuta sunayen yara da makinsu cikin kwamfuta. Ƙarshen shekara ya matso, sai na'ura ta fara nauyi. A latsa, a jira. Ya ɗauke ta ya kai wa wani saurayi mai gyara.

— Mushe, birus ne. Sai an formate ta.

— To, yaro, yi abin da ka sani. Gobe nake so.

Kashegari na'ura ta dawo tana gudu kamar sabuwa. Dirakta ya yi murna, ya biya kuɗi. Da ya zauna neman makin yara, sai ya tarar da rumbu wayam.

— Ina takarduna?

— Mushe, ai ba ka ce akwai kaya ciki ba.

Laifin wa ke nan? Na dukansu biyu. Amma na mai gyara ya fi nauyi, domin shi ne ya san ma'anar kalmar da ya faɗa. Dirakta ya ji «formate», ya zaci wani irin magani ne. Tela ba ya sa almakashi ga yadin mutum sai ya tambaye shi riga yake so ko wando. Mai gyaran da bai ce «Me ke ciki? Ka kwafe?» ba, bai cika aikinsa ba, ko da na'ura ta fita hannunsa tana tashi sama.

Masu gyara suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Neman ciwon kwamfuta yakan ci yini guda. Sharewa da sake zubawa ba ta wuce awa biyu ko uku. Mai kaya yana gaggawa, kuɗin da zai bayar kuma ɗaya ne. Wa zai zaɓi doguwar hanya? Gaskiya ne. Sai dai gajeruwar hanyar, sau da yawa, ba ta kaiwa inda ciwon yake.

A wannan yanki babban abokin gabar na'ura ƙura ce da zafi. Cikin kwamfuta akwai ƴar fanka da ke fitar da iska mai zafi. Ƙurar hunturu takan shiga ta toshe mata hanya. Da bazara kuma zafi yakan wuce digiri 40. Na'urar da ta kasa numfashi sai ta rage gudu, ko ta mutu da kanta don kada ta ƙone. Wannan a buɗe ta a busa ƙura take so. Ko an formate ta sau goma, ƙurar tana nan. Wata kuma faifanta ne ya tsufa. Tsohon samfurin faifai yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, kuma ba ya son girgiza ko ɗaukewar wuta farat ɗaya. In ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, kwanansa ya kusa ƙarewa. A kwashe kayan da ke ciki tun yana amsawa. Zuba masa sabuwar manhaja kamar sabon yaɓe ne a bangon da gara ta cinye.

Shi kansa birus ɗin, ta ina ya shigo? Yawanci ta ɗan kile na USB da ke yawo daga biro zuwa shagon buga takardu. A share na'ura yau, gobe a soka mata kilen jiya, ciwo ya dawo.

Wannan ba ya nufin sharewa haramun ce. Akwai ranarta. In cuta ta ci babbar manhaja har na'ura ta ƙi tashi, a share. In manhajar ta tsufa, a sauya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 na kowa da kowa a watan Oktoba na 2025. Windows 11 kuwa ba ta yarda da tsofaffin na'urori da yawa. Mai irin wannan na'ura ba sai ya jefar da ita ba. Akwai wata babbar manhaja, Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991. Kyauta ce, kuma wasu irinta ba su da nauyi ga tsohuwar na'ura.

Wanda zai sayar da kwamfutarsa, shi ma wajibi ne ya share. Garuruwan ma'adinai garuruwan zuwa da tafiya ne. Da aka rufe mahaƙar Cominak a Akokan a 2021, mutane da yawa sun rasa aiki, mai tashi daga gari kuwa yakan sayar da kayansa. A nan akwai abin mamaki. Sharewa iri biyu ce. Ta gaggawa ba ta goge kayan, rajistarsu kaɗai take yagewa. In an yage takardar kiran suna, yara ba su ɓace daga aji ba. Suna nan zaune, ba a dai san sunayensu ba. Wanda ya iya, yana da manhajar da za ta sake kiransu ɗaya ɗaya. Ke nan mai saye yana iya ganin hotunan iyalin mai sayarwa da takardun albashinsa. Mai sayarwa sai ya nemi doguwar sharewa, wadda ke bin faifai tana rubuta sifiri bisa kowane gurbi. Diraktan da ya yi hasara kuwa, wannan labari ne mai daɗi gare shi. Ya kashe na'ura nan da nan, kada ya ƙara ajiye kome, domin kowace sabuwar takarda tana iya zama bisa tsohuwa. Wataƙila a ceto wani abu. Wataƙila.

To, yaya ake biya wa malam kafin wanki? A kwafe kaya zuwa wani faifai ko kile. Masu muhimmanci a sa su wuri biyu. Sa'an nan a kai kwafin ga wata na'ura, a buɗe takardun, a gani da ido suna buɗuwa. Nan ne mutane ke yin kasala. Kwafin da ba a buɗe ba kamar hadda ce da ba a biya ba. A tanadi ƙananan manhajojin da ke sa injin buga takarda da sauti da intanet su yi aiki, tun na'ura tana da rai. A cika batir, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa, aiki yakan koma farko.

Saura abu ɗaya da ya shafi ƴan makarantar harshe biyu fiye da kowa. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, yaran Nijar suke koyon rubuta Hausa da haruffanta masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Madannan kwamfutar da aka saba gani na Faransanci ne, babu waɗannan haruffa bisansu. In ana iya buga su a kwamfutar makaranta, wani ne ya zauna ya saka ƴar manhajar da ke fitar da su. Ran da aka share faifai, ita ma ta tafi. Mai gyara ba zai lura ba, tunda shi Faransanci yake bugawa. Sai an zo rubuta darasi a ga ƙasa ta zama kasa, aikin da ya ƙare ya zama kare. Wasu tsofaffin takardu ma, da aka buga da haruffa na musamman, sukan buɗe da ƴan akwatuna a gurbin kowane ƙ da ɗ. Tamajak ma haka, tana da nata haruffan da ke ɓacewa.

Wannan aiki ko ɗan aji huɗu yana iya tsare shi. Ran da na'ura ta dawo daga gyara, kafin a miƙa kuɗi, ya nemi izini ya zauna gabanta ya buga: «Ɓera ya ɗauke ƙosan ƴan yara.» In haruffa huɗun sun fito, a sallami mai gyara. In ba su fito ba, a ba shi kujera da ruwan sha, aikinsa da saura.