Bulala Ba Ta Warkar da Ciwon Zuci

A garuruwanmu na Makarfi, Ikara da Kudan, in aka ga yaro ko yarinya na yi wa jikinsu rauni da gangan, sai a ce iskokai ne ko taurin kai, a ɗauko bulala. A ganina wannan babban kuskure ne.

Masana a Jami'ar Heidelberg ta Jamus sun gano cewa galibin irin waɗannan matasa ba sa saurin jin zafi kamar tsararrakinsu. Haka kuma sinadarin kotisol, watau wanda jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, ba ya ƙaruwa a jikinsu yadda ya kamata. Raunin kan rage musu ƙuncin zuciya na ɗan lokaci, shi ya sa suke maimaitawa. To, wanda zafi ya zame masa mafaka, ina amfanin ƙara masa zafi?

Tun 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma likitocin wannan fanni a Shika da Barnawa. Lalle iyaye su ajiye bulala, su saurari 'ya'yansu, su kai su asibiti tun abin bai yi nisa ba. Allah ya sa mu gane.