Bangaskiya Da Riƙon Amana

A cikin shekarar 1900 wata ƙungiyar Turawan Mishan ta C.M.S. a ƙarƙashin Bishop Tugwell, da Likita Mila a cikinta, ta isa birnin Kano da nufin wa'azi. Sarkin Kano Alu ya saurare su, sa'an nan ya ba su 'yan kwanaki su bar masa ƙasa. Bayan da Turawan mulki suka ci ƙasar Hausa ma ƙofar ba ta buɗe ba, gama a 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, aka kuwa taƙaita shigar 'yan Mishan ƙasashen sarakuna. Amma kafin shekaru arba'in su cika, sai ga En'e ta Kano da ta Katsina da ta Sakkwato sun danƙa wa Mishan ta S.I.M. aikin jiyyar masu ciwon kuturta a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. To, me ya faru tsakanin korar farko da wannan gayyata? Amsar tana da alaƙa da wata kalma wadda Kiristoci ke yawan ambata, amma ba kowa ya tsaya ya auna nauyinta ba, watau bangaskiya.

Waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932, sun ɗauki kalmar daga "ba da gaskiya", wato mutum ya yarda abu gaskiya ne. Ma'anar daidai ce, sai dai ba ta ƙare nan ba. A Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, kalmar ita ce "emuna", kuma tushenta ɗaya da "amin" da ake shafawa bayan addu'a, ɗaya kuma da imani da amana da aminci waɗanda Hausa ta aro daga Larabci. Asalin tushen nan shi ne abin da ya kafu, wanda za a jingina da shi bai goce ba. A Littafin Fitowa sura 17, inda Annabi Musa ya ɗaga hannuwansa a kan tudu ana yaƙi da Amalekawa, da ya gaji sai Haruna da Hur suka tallafe su har faɗuwar rana, kalmar da aka siffanta tsayuwar hannuwan nan da ita ita ce emuna. Haka nan "pistis" ta Helenanci a Sabon Alkawari, tana nufin dogara ga Allah, tana kuma nufin zama abin dogara. Ashe a wurin marubutan nan, mai bangaskiya da amintacce mutum ɗaya ne. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta kawo misalin wanda ya ga ɗan'uwansa cikin yunwa da tsiraici ya sallame shi da fatan alheri kawai, ta kuma hukunta irin wannan bangaskiya da cewa matacciya ce.

Akwai wani labari a Littafin Sarakuna na Biyu sura 12 wanda ba a cika jinsa a bakin masu wa'azi ba, kuma mai karatu zai gane dalili. Sarki Yowash na Yahuza ya umarci firistoci su riƙa karɓar kuɗin da jama'a ke kawowa, su gyara Haikalin Urushalima da shi. Aka yi ta karɓa, har shekara ta 23 ta sarautarsa ba a gyara kome ba. Sarki ya kira su ya tuhume su, ya raba su da karɓar kuɗin. Aka sami akwati aka huda murfinsa, aka ajiye kusa da bagade, in ya cika sai magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, su ƙulle cikin jakunkuna, su miƙa wa masu lura da aikin, su kuma su biya kafintoci da magina da masu sassaƙar dutse. Su waɗannan masu lura da aiki, labarin ya nuna ba a ko neme su da lissafi ba, saboda an ga amincinsu, kalmar kuwa ita ce dai emuna. Masu muƙami da rigar addini sun rasa amanar, 'yan aiki sun same ta, gini kuma shi ne shaidarsu.

Manzo Bulus ma bai ɗauki kansa ya fi ƙarfin bincike ba. Sa'ad da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, a Korantiyawa ta Biyu sura 8 ya bayyana cewa akwai ɗan'uwa wanda ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti kuwa ya shar'anta a gwada mutum tukuna kafin a ba shi hidimar ikilisiya.

Da wannan ma'auni za a fi fahimtar abin da ya faru a Yadakunya. A zamanin nan kuturta ciwo ce da ake gudu, mai ita yakan rasa sana'a, wani lokaci har da aure, ya koma bara a bakin kasuwa ko ƙofar gari. Maganin da ake da shi a lokacin man wani itace ne na ƙasar Indiya da ake kira chaulmoogra, ana yin allurarsa mai tsananin zafi, samun sauƙi kuma ba tabbas. Saboda haka yawancin aikin wankin gyambo ne da ɗauri, yau da gobe, shekara da shekaru, aikin da ba mai rububinsa. En'e na da kuɗi da fili amma ba ta da ma'aikata, Mishan na da likitoci da masu jiyya amma ba ta da ƙofa. Sarakuna sun riga sun ji labarin irin aikin da ake yi a Vom, inda aka buɗe asibiti a 1922, da kuma Garkida. Gani ya kori ji. Ba dai Turawa kaɗai suka yi aikin ba, malaman asibiti 'yan ƙasa, waɗansunsu ma tsofaffin majinyata ne, su suka ɗauki mafi yawan wahalar, ko da yake ba safai ake ambatarsu ba. Wajen 1950 gwajin da Likita John Lowe ya yi a Uzuakoli, a gabashin Nijeriya, ya tabbatar da ƙwayar dapsone da ake haɗiya, aka fara sallamar mutane da yawa su koma gida.

Kada a ɗauka yardar nan ta cika ba tare da miki ba. 'Yan Mishan ba su ɓoye cewa suna so su yi wa'azi ba, sarakuna kuma ba su ɓoye cewa ba su so ba, an kuwa yi ta samun ƙorafi, musamman a kan tarbiyyar yaran da ke zaune a waɗannan wurare. Duk inda majinyaci ya ji kamar magani tarko ne, nan take abin da aka gina ya tsage. Inda kuwa aka wanke masa gyambo ba a tambaye shi ko zai sāke addini ba, nan ne sunan Mishan ya yi kyau, har jikokinsa suna faɗi. Wannan ma yana cikin koyarwar Littafin, gama Basamariyen da Yesu ya ba da misalinsa a Luka sura 10 ya ɗaure raunukan mutumin da ya tsinta a hanya, ya biya masa kuɗin masauki, ya wuce bai kafa masa sharaɗi ba.

Yau kuwa an shiga wani zamani da ake jin waɗansu masu wa'azi suna koya wa jama'a cewa bangaskiya ita ce ka ba da kuɗi ka rufe ido, wanda ya tambayi inda baiko ya tafi kuma a ce masa raunin bangaskiya ke damunsa. Wannan juya magana ce. Dogarar da Littafi Mai Tsarki ya wajabta ba tare da sharaɗi ba ta Allah ce, ɗan Adam kuwa, kome girman kujerarsa a majami'a, sai an gwada shi. Ikilisiyar da ke karanta wa membobinta lissafin kuɗi a ƙarshen shekara, ta sa mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, bin sawun Yowash da Bulus take yi. Haka ma makaranta ko asibitin ikilisiya da ke cikin unguwar Musulmi, maƙwabta ba su duba abin da aka rubuta a allon ƙofa, suna duban yadda aka karɓi matar da ta zo da naƙuda da tsakar dare ba ta da kuɗi a hannu.

Asibitocin Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa sun koma hannun gwamnati tun cikin shekarun 1970. Tun 1995 kuma ana ba da haɗaɗɗen maganin kuturta kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke warkar da ciwon cikin wata 6 zuwa 12.