JUJI A TUDU, GUBA A FADAMA

Ya ku 'yan'uwa manoma, masunta da makiyaya na Ambursa da kewaye! Ku matso kusa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Zaɓe ya ƙarato. Ga su nan tafe da motoci da makaɗa, da atamfa da sabulu. To, kafin kowa ya miƙa hannu, ku yi musu tambaya guda: ina ruwan jujin birni yake zuwa?

Mu dai mun san amsa. Gari yana kan tudu, fadama tana ƙasa, ruwa kuwa bai taɓa hawa tudu ba. Gulbin Rima ya taso ta Sakkwato, ya ratsa Argungu, ya wuce Birnin Kebbi. Duk abin da damina ta wanko daga juji, kwata ta kai shi rafi, rafi ya kai shi gulbi. Gulbin nan shi ne shinkafarmu, shi ne kifinmu, shi ne mashayar shanunmu.

Wani zai ce, "Haba, juji ai taki ne!" Jujin da ke nan, na toka da ƙaiƙayi da kashin awaki. Jujin yau cike yake da mataccen batir, da fasassun wayoyi da rediyo, da gwangwanin fenti, da baƙin mai. A cikinsu akwai dalma, da zaiba, da wani ƙarfe mai suna kadmiyam. Waɗannan ba sa ruɓewa. Ƙona juji ba ya kashe su, sai dai ya bar su cikin toka da hayaƙi. In sun shiga rafi sai su kwanta cikin laka, shekara da shekaru. A lakar nan tarwaɗa ke kiwo, a cikinta muke dasa shinkafa. Kuma ku ji da kyau: tafasa ruwa ba ya fitar da dalma.

Kada a ce muna tsorata ku. Ku dubi maƙwabtanmu na Zamfara. A 2010 dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Can ta hanyar niƙan dutsen zinariya a cikin gida ta shigo, amma gubar ɗaya ce da ta batir. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka gano ta. Mutanen Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe musu gurɓatacciyar ƙasa, saboda kuɗin aikin sun makale a hannun gwamnati. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A Kano, ruwan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa ya daɗe yana kwarara cikin kogin da ake noman rani da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalma ba ta sallama. Yaron da ba ta kashe ba, sai ta dakushe masa ƙwaƙwalwa, a sa shi makaranta ya kasa, a ce daƙiƙi ne. Ɗan mai mulki ruwan gora yake sha. Ɗan wa ke wanka a rafi?

Saboda haka duk mai neman ƙuri'arku, daga kansila har gwamna, ya tsaya gaban dattawa ya ɗauki alkawari huɗu:

1. A auna ruwa da lakar rafukanmu, a faɗi sakamako a rediyo da Hausa.
2. A kau da kowane juji daga hanyar ruwa da bakin fadama.
3. A hana fasa batir da narka dalma cikin unguwa, a dawo da duba-gari aikinsu.
4. A riƙa gwada jinin yara a asibitin gwamnati kyauta.

Ku ma kada ku kwashi jujin birni zuwa gona in kun ga batir a ciki.

Wanda ya kasa amsawa, ku kasa dangwala masa. Atamfa takan tsufa a shekara guda, dalma kuwa har jikoki.

Fadamarmu gadonmu! Ƙuri'armu 'yancinmu!