Kafin mu kwaikwayi Filifin, mu tambayi Kanan-Bakashe

Kwanakin nan wata magana tana yawo a fadojin matasa da guruf-guruf na WhatsApp: wai tunda gwamnati ba ta ɗaukar waɗanda suka gama karatun kiwon lafiya, to mu yi irin ta Filifin, mu horar da su mu tura waje, su riƙa aiko da kuɗi. Maganar da daɗin ji. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma ga dalilina.

Tun 1974, zamanin Marcos, Filifin ta mai da tura ma'aikata waje manufar ƙasa. Yau kuɗin da suke aikowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara, gwamnati tana kiransu sabbin jarumai, har ma'aikata guda aka kafa musu. Cikin masu tafiyar akwai wasu ƙwararru da ba mu cika sanin aikinsu ba, masu ergoterafi. Su ne ke koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai sake riƙe ludayi, ya sa riga, ya yi alwala da kansa. Su ke taimaka wa yaro mai nakasa ya zauna, ya riƙe alƙalami, ya shiga lakwal. Jami'ar Filifin ta fara koyar da fannin tun 1962.

Shekara da shekaru suna ficewa zuwa Amurka, Ingila, Ostareliya da ƙasashen Larabawa, saboda albashin gida ba ya riƙe iyali. Can ɗin ma ba aljanna ba ce. Difilomarka ba ta isa ba sai ka sake jarrabawar lasisi da ta Turanci. A Amurka, tun 2007 sai da digiri na biyu ake shiga aikin. Kafin takardu su fito, wasu aikin kula da tsofaffi suke yi, ƙasa da abin da suka karanta, ga bashin dillali, ga ƴaƴa an baro wa kakanni. A gida kuma, waɗanda suka rage sun taru a manyan birane irin Manila, ƙauyuka sai jira. Da korona ta zo a 2020, gwamnatin da ke alfahari da tura su ita ce ta hana ma'aikatan lafiya fita, don asibitocinta sun rasa hannu.

To jama'a, Filifin mai tarin makarantu ke nan. Mu fa? A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a yi hattara da ɗibar musu mutane. Nijar na ciki, Najeriya ma na ciki. Wanda rumbunsa bai kai shi damina ba, ba ya kai hatsi kasuwa.

Ku ɗauki manomi a wani ƙauyen Kanan-Bakashe da hawan jini ya kayar. A ɗora shi a amalanke zuwa CSI, daga nan a tura shi Mayahi ko Tasawa. In Allah ya sa da sauran kwana, an ceci ransa. Sai kuma me? Gashi da motsa jiki da koyon aiki da hannu guda abu ne na watanni, kuma nemansu sai an dangana da Maraɗi ko gaba. Wa zai biya kuɗin mota kowane mako? Sai a mai da shi gida a shimfiɗe a ɗaki. Matarsa ta bar sana'a, a cire yarinya daga lakwal ta yi jinya, babban ɗa ya kama hanyar Libiya ko Aljeriya. Ciwon mutum ɗaya ya kwantar da gida guda. Haka yake ga wanda kabu-kabu ya karya, da wanda shan inna ta taɓa tun yana yaro.

Kar a fahimce ni a baibai. Ba na ganin laifin matashin da ya tafi. Wanda ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya shekara yana aikin sa-kai babu ko dala, wallahi ba ni da bakin ce masa ya zauna. Tafiya haƙƙinsa ce. Abin da na ƙi shi ne a mai da gazawar ɗaukar aiki wata dabara, har a yi mata suna.

Abin da ya kamata mu nema a fili yake. A ɗauki waɗanda aka riga aka horar, a biya su kan lokaci, da alawus na musamman ga mai zaman karkara. A buɗe wa fannin farfaɗo da majiyyata gurbi na gaske a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da makarantun kiwon lafiya, a koyi darasi daga Danja, inda aka daɗe ana kula da masu kuturta. A sa ɗakin gashi da ma'aikacinsa a asibitocin Mayahi da Tasawa. A cika alƙawarin Abuja na 2001, kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya.

Kai kuma ɗan uwa mai shirin tafiya, kafin ka ba dillali kuɗin gonar babanka, tambayi ko ƙasar ta yarda da takardarka, kuma ka karanta kwantaragi da idonka.

Ƴan Mayahi da Tasawa da ke karanta wannan, ku faɗa mana: da wani naku ya shanye, ina kuka kai shi, kuma nawa kuka kashe?