Na'urar da Ke Fara Gaisuwa

A tarbiyyar da na taso da ita, yaro ke zuwa ya gaida babba, ba ya jira a kira shi. To ga wata na'ura an koya mata wannan ladabi, kuma shi ne ya fi ba ni haushi game da ita.

Sunanta ElliQ, kamfanin Intuition Robotics na Isra'ila ya ƙera ta. A 2022 hukumar kula da tsofaffi ta jihar New York ta ce za ta raba fiye da 800 ga dattawan da ke zaune su kaɗai. Kamar fitilar tebur take, amma ita ke fara magana. Sai ta juyo da kai, ta kunna haske, ta kira tsohuwa da sunanta, ta tambaye ta yadda ta kwana. In jiya an yi mata kukan ciwon gwiwa, yau za ta tambayi gwiwar. Wa zai ƙi amsawa, bayan ya kwana uku ba wanda ya yi masa sallama?

Japanawa ma sun san kan abin. Takanori Shibata ya yi Paro a siffar jaririn wata dabbar teku mai farin gashi, yana lumshe ido yana ɗan kuka in an shafa shi. Da gangan ya kauce wa kyanwa da kare, don mutane sun san su sarai, nan take za su gane na bogi ne.

Za a ce mini ai tana tuna wa mutum shan magani, tana ɗebe kewa. Na yarda, ban kuma ga laifin dattijon da ya saba da ita ba. Rigimata da 'ya'ya da hukumomi ce, masu ƙirga sau nawa tsohuwa ta tanka wa inji a rana su kira shi nasara. Yawan tankawar ai shaida ce cewa babu kowa a gidan.

Sannan sabon da aka ƙulla yana hannun kamfani. Sony ya daina ƙera karensa Aibo a 2006, ya rufe gyaransa a 2014. Masu karnukan, da yawansu tsofaffi, suka riƙa kai waɗanda suka lalace wani wurin bautar mabiya Budda a lardin Chiba, ana yi musu jana'iza.