Yanke Ƙari Ba Shi Ne Ƙarshen Aiki Ba

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san sanƙarau, cutar nan da kan zo da bazara ta kama tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne wannan tantani yakan tsirar da ƙari, wanda likitan Amurka Harvey Cushing ya raɗa wa suna meninjiyoma a 1922. Cikin ƙarin da kan samo asali a ƙoƙon kan manya babu wanda ya fi shi yawa, kuma ya fi kama mata. Yakan yi shekaru yana girma a ɓoye, sai ciwon kai mai naci, ko farfaɗiya bayan an manyanta, ko dushewar gani, har dangi su ce iska ce.

Idan Allah ya sa aka kai mara lafiya Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, likita ya yi tiyata ya fid da ƙarin, sai murna ta cika gida. Amma fa da sauran rina a kaba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarinta na 2021, ta kasa wannan ƙari mataki uku. Kusan 80 cikin 100 na mataki na farko ne, mai tafiyar hawainiya. Sauran kuwa sukan komo, wani ma da gaggawa. Ido ba ya rarrabe su a ɗakin tiyata, sai an yanki naman an sa shi ƙarƙashin madubin likita.

A nan ne awon Ki-67 yake da amfani. Masana a birnin Kiel na Jamus ne suka gano shi a 1983. Wani sinadari ne da ake samu cikin ƙwayoyin halitta masu shirin rabuwa biyu, ba a samunsa cikin waɗanda ke hutawa. Akan zuba wa naman wani rini na musamman, ƙwayoyin da ke hayayyafa su rine, kana a ƙidaya nawa ne cikin ɗari. In adadin ya haura kamar 4 cikin 100, haɗarin komowar ƙarin ya ƙaru, ko da kuwa kamanninsa na mai sauƙi ne. Gaskiya ne ba da wannan awo kaɗai ake yanke hukunci ba, domin ƙidayar wannan ɗakin gwaji takan saɓa da ta wancan. Duk da haka yana taimakon likita ya san wa zai sallama da hankali kwance, wa zai riƙa kira ɗaukar hoton kai a kai a kai, wa kuma yake bukatar gashi.

To, rinin nan daga ƙasashen waje ake sayo shi, da kuɗin waje, kuma sai an adana shi cikin sanyi. Talakan da ya sayar da gona ya biya tiyata, da wuya ya sami abin biyan wani gwaji kuma. Sai ya koma ƙauye ba a san irin ƙarin da aka cire masa ba, watau an kashe maciji ba a sare kansa ba. Bayan 'yan shekaru a dawo da shi ranga-ranga, alhali da an sani da tuni an tari abin.

A cikin birnin nan na Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, kuma Nijeriya ba ta cika wannan alkawari ba. Manyan injuna suna da ranar buɗewa da yanka ƙyalle, ƙaramar kwalbar rini kuwa ba mai yi mata biki, saboda haka ake mantawa da ita.

Tilas ne Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa, ta sa wannan awo cikin kuɗin tiyata, kada a bar wa dangi. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta sayo rinin a dunƙule domin asibitocin koyarwa, ta tsayar da ƙa'ida guda ta ƙidaya daga Abuja har Zariya, Kano da Sakkwato, ta kuma riƙe likitocin binciken nama kada su ƙare a ƙasashen waje. Wanda ya miƙa kansa aka buɗe, haƙƙinsa ne a gaya masa abin da aka tarar ciki.