Kafin Ka Tura Bidiyon Nan Zuwa Guruf Ɗin Gida

Na san ka ga bidiyon. Wani ne zaune gaban kwamfuta, ya miƙa wa dattijo ɗan ƙarfe ya riƙe, kafin minti biyu takarda ta fito: ƙoda, hanta, olsa, basir, har da sanyi. A hutun da ya wuce na ga irinsa da idona a Kwanar Dangora, mutane sun yi layi, wasu daga Kiru, wasu tun daga Doguwa suka hau mota. Gwaggona ta biya, aka ce hantarta ce, aka haɗa ta da kwalabe uku. Maganin hawan jininta kuwa ta tura shi ƙarƙashin katifa.

Abin haushin shi ne, masu wannan harka inuwar wani ilimi na gaskiya suke fakewa a ciki. Sunansa metabolomiks. Duk abin da jikinka yake yi, narkar da tuwo ne, yaƙi da cuta ne, yana barin ƙananan sinadarai a cikin jini. Idan wata gaɓa ta fara samun matsala, yawan wasu daga cikinsu yakan canza, wani lokaci tun kafin ka ji ciwo. Ai ka ma san biyu daga ciki: sukari, da kiriyatinin da ake aunawa don a duba ƙoda. Metabolomiks cewa ya yi, maimakon ɗaya ko biyu, a auna ɗaruruwa lokaci guda, a karanta yadda suka jeru.

Kuma ba tatsuniya ba ce. Tun farkon shekarun 1960 Robert Guthrie na Amurka ya fito da gwajin ɗigon jini daga diddigen jariri, yau a ƙasashe da dama ana gano cututtukan gado masu yawa daga wannan busasshen ɗigon. A 2007 masana a Kanada suka buɗe rumbun bayanai na sinadaran jikin ɗan Adam a intanet.

To amma fa, ka lura. Jini ake ɗiba, ba ƙarfe ake riƙewa ba. Na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadaran tana da tsadar gaske, tana son wutar da ba ta ɗaukewa, jinin kuma a firiza mai tsananin sanyi ake ajiye shi. Abin da ka ci da safe kaɗai yana iya sauya sakamako. Sannan yawancin ma'aunin da ake kwatantawa da shi daga jinin Turawa aka samo shi, ba daga mai cin dawa da kuka ba. Shi ya sa har a Ingila, mafi yawan wannan aiki yana ɗakin bincike tukuna. Wai a ce ya iso bakin kasuwa cikin jakar laptop? Haba.

Ko masu kuɗin Amurka an yi musu wannan. Elizabeth Holmes ta kamfanin Theranos ta ce da ɗan jinin yatsa za ta yi gwaji ɗaruruwa. A 2022 kotu ta same ta da laifin damfarar masu zuba jari, ta yanke mata ɗaurin sama da shekara 11.

Mu da muke riƙe da wayoyi, mu ne likitocin bogi na gidajenmu, gaskiya. Abin da muka tura, shi Inna take yarda da shi. Don haka kafin ka danna, tambayi kanka: an ɗebi jini? Wa ya karanta sakamakon? Mai gwajin ne kuma yake sayar da maganin? In amsar ta ƙarshe e ce, goge shi kawai.

Gwajin sukari da awon hawan jini ana yinsu a babban asibitin Tudun Wada da sauran asibitocinmu, in abu ya yi nauyi a tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Can muka kai Gwaggo bayan ta kwana uku da ciwon kai. Likita ya duba hantar, lafiyarta ƙalau. Jininta ne ya hau.